Rumfar tirelar kwanana ta yage: in liƙe ta ko in canza tamfol ɗin gaba ɗaya?

BabanHanifa_TX:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda ke da tirelar kwana, irin wadda ake ja da mota a tafi hutu da iyali a nan Amurka. Tawa ta hannu na saya, rumfar da ke jikinta kuma irin wadda ake jawowa da sandar ƙarfe ce, ba mai lantarki ba. Ƙarshen makon da ya wuce muna Galveston da yara, da la'asar sai iska ta taso daga teku lokaci guda, kafin mu kai ga naɗe rumfar tamfol ɗin ya yage ta can sama, dab da inda ya shiga layin alminiyon ɗin da ke jikin bango. Tsagar ta kai tsawon hannuna. Ƙafafun ba su lanƙwashe ba, bututun da take naɗewa a jiki ma lafiyarsa lau. Na kira wani garejin tirela sun ce sai nan da makonni kafin su duba, kuɗin aikin da suka faɗa kuma ya fi kuɗin tamfol ɗin kansa. To shin salatif ɗin nan da ake sayarwa na liƙe rumfa yana riƙewa kuwa? Ko kawai in sayo sabon tamfol in saka da kaina? Wanda ya taɓa yi ya taimaka min da bayani.

Dan_Gusau_Dallas:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Salatif ɗin yana riƙewa sosai, tawa ta huje inda reshen bishiya ya soke ta, na liƙe ciki da waje kuma har yau tana nan. Kar ka ɓarnatar da kuɗinka.

Injiniya_Ohio:
Wa alaikumus salam. Dan Gusau ba ƙarya ka faɗa ba amma hujin reshe daban, abin da Baban Hanifa ya kwatanta daban. Ku lura da wurin da ya ce ta yage. In aka naɗe rumfa, duk tamfol ɗin yana ɓoye a jikin bututu, sai 'yan inci kaɗan na can sama su ne ke waje, su ke shan rana da ruwa shekara da shekaru ko ana tafiya ko tirelar na ajiye. Wurin nan shi ke fara mutuwa. Iskar Galveston ƙarasa shi kawai ta yi, rana ce ta riga ta cinye shi. Baban Hanifa ka hau tsani ka je nesa da tsagar, kamar can ɗaya ƙarshen, ka kama tamfol ɗin da yatsu biyu ka ɗan murza. In ka ji ya bushe yana ƙaras ƙaras, ko saman ledar yana ɓarewa kana ganin zaren ciki, ko ka tsaya a ƙarƙashi da rana kana hango ƙananan huji kamar na allura a jere, to ka manta da salatif. Za ka liƙe nan gobe ya ɓalle a gefensa, tunda abin da ka liƙa a kai ya riga ya ruɓe.

MamanIkram:
Allah ya tsare, alhamdulillah da ba ta faɗo kan yara ba. Mu tamu Baban Ikram ko masallaci za mu leƙa na minti goma sai ya naɗe ta. Da ina ganin kamar takura ce, sai da na ga ta maƙwabtanmu a wurin zango iska ta ɗaga ta ta kifa a kan rufin tirelar, ƙafa ɗaya ta fizge daga bango da ƙusoshinta.

BabanHanifa_TX:
Injiniya na hau na duba yanzu. Gaskiyarka, duk layin saman ya bushe, launinsa ma ya koɗe ya bambanta da sauran. Na murza sai ga farin gari a yatsana. Amma daga taƙi ɗaya zuwa ƙasa tamfol ɗin garau yake wlh, shi ne abin da ke min ciwo, a ce a jefar da duka saboda wannan ɗan wurin.

Sani_MaiTamfol_Kano:
Ranka ya daɗe ni ina Kano, ɗinkin tamfol ɗin a daidaita sahu da rumfunan biki nake yi. Ban taɓa ganin irin taku ido da ido ba sai a hoto, amma in dai kamar yadda ka faɗa ne ai ba sai an jefar ba. A zare shi, a yanke wurin da ya mutu, a naɗe baki a sa sabuwar igiya a bi da ɗinki biyu, shi ke nan. Rumfar za ta ɗan rage faɗi amma wa zai lura. Mu nan tamfol sai ya yi rayuwa uku kafin a bar shi.

Injiniya_Ohio:
Malam Sani dabarar ka daidai ce kuma ana yinta a nan ma, masu ɗinkin rumfar jirgin ruwa da masu kushin ɗin mota suna karɓar irin wannan aikin, kuma a Houston inda Baban Hanifa yake ba za a rasa su ba tunda kusa da teku take. Matsalar ita ce lissafi. A Kano kuɗin hannu ne mai sauƙi kaya ke da tsada, a nan kuwa akasin haka ne. Sabon tamfol na leda wanda aka riga aka ɗinka da igiyoyinsa za ka samu a intanet daga dala ɗari da wani abu zuwa sama, ya danganta da tsawo da kauri. Mai ɗinki kuma awa yake ƙirgawa. Sannan wahalar ai ɗaya ce, ko gyara za ka yi ko canji dole ka sauke bututun ka zare tamfol ɗin. Tunda za ka sha wannan wahalar gara ka mayar da sabo.

Sani_MaiTamfol_Kano:
To na gane. Amma dan Allah in ya cire tsohon kar ya zubar, a yanka a rufe tayoyi ko janareta da shi.

Zongo_Bronx:
Salam. Ni ba ni da tirela, a Bronx ko wurin ajiye mota ma faɗa ne. Amma ina bin zancen nan domin ina so in saya in Allah ya yarda. Tambaya ta, wannan abu mutum ɗaya zai iya? Ko sai an tara jama'a?

Alhaji_Minnesota:
Ɗana na Bronx, mutum ɗaya ba zai iya ba, biyu ma da ƙyar, uku shi ne daidai. Kuma Baban Hanifa ka saurare ni da kyau a nan, domin duk abin da aka faɗa a sama na kuɗi ne, wannan kuwa na lafiyar jikinka ne. A cikin bututun nan akwai sifirin a kowane ƙarshe, an murɗe shi da ƙarfi, shi ne ke janye rumfar ta koma da kanta in ka saki. In ka kwance noti ɗin da ya haɗa kan bututun da ƙafa ba tare da ka riƙe sifirin ɗin ba, ƙarfen zai juya da gudun da ido ba ya gani. Wani abokina a nan haka ya yi, ya ɗauka ƙaramin abu ne, ƙarfen ya doke shi a bayan hannu sai da aka yi masa ɗori. Ba ina tsorata ka ba ne, ana yi lafiya kullum, amma sai da natsuwa. Ka samu filaya mai kullewa babba ka danƙe kan ƙarfen da kyau, ka riƙe da hannu biyu, fuskarka a gefe ba saitinsa ba, sannan wani ya zare noti ɗin, kai kuma ka riƙa warwarewa a hankali kana ƙirgawa da baki. Adadin da ka ƙirga ka rubuta a jikin bututun da maka, da kibiya mai nuna ta inda ka juya, don haka za ka mayar. Yara kuma a kore su daga wurin gaba ɗaya.

Dan_Gusau_Dallas:
Kun ga abin da ya sa na ce a liƙe ko? Salatif ba ya karya hannu.

Injiniya_Ohio:
Alhaji ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ƙari kaɗan: yawancin na hannu akwai ɗan huji a murfin ƙarshen bututun, in ka juya shi ya yi saiti da hujin sandar ciki sai ka zura fil ko ƙusa, sifirin ɗin ya kulle. Ɓangaren gaba kuma shi ke da ɗan makullin nan da kake turawa da sanda, na buɗewa da naɗewa. Kar ka dogara da makullin nan shi kaɗai, in wani ya taɓa shi da kuskure shi ke nan. Adadin murɗin kuma ya danganta da tsawon rumfar da kamfanin da ya yi ta, saboda haka kar wani ya ba ka lamba a nan ka ɗauka, ka ƙirga naka, ka kuma nemo takardar kamfanin a intanet ka gwada.

BabanHanifa_TX:
Na gode Baba Alhaji, Allah ya saka. Zan kira ƙannena biyu. Injiniya takardar da ke manne a jikin bututun ta koɗe ba a ganin komai, ta yaya zan san girman da zan saya? Na auna tsohon tamfol ɗin ya ba ni ƙafa 15 da inci 2, amma a intanet ina ganin 15 ina ganin 16.

Injiniya_Ohio:
16 za ka saya. Ba tamfol ake aunawa ba, daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya ake aunawa, wannan shi ne girman rumfar. Tamfol ɗin kullum yana gaza haka da kamar inci 10 don ya samu wurin naɗewa tsakanin murafen. Wato rumfa mai ƙafa 16 tamfol ɗinta 15 da inci 2 ne, daidai abin da ka samu. Amma ka sake aunawa ƙafa zuwa ƙafa don ka tabbatar, kuma ka karanta bayanin mai sayarwa, masu kirki suna rubuta lambobin biyu. Kamfanonin da suka fi yawa a tirelolin nan uku ne, Dometic da Carefree da Solera ta Lippert. Ka duba jikin ƙafafun ko murfin ƙarshe, sau da yawa sunan na nan a zane a ƙarfen. Ka kuma ƙirga igiyoyin robar da ke bakin tamfol ɗin: ɗaya tana shiga layin bango, biyu suna shiga tsagin bututu, ta babban tamfol da ta gezar da ke saukowa a gaba.

Bamaradi_Greensboro:
Sallama gare ku. Ni shawarata in dai canzawa za ka yi ka bar leda ka sayi na saƙa, wanda suke kira akirilik. Na leda in rana ta take ƙarƙashinsa zafi yake tarawa, ka zauna kana gumi. Na saƙa iska na ratsa shi, yana bushewa da wuri, launin kuma cikin zaren yake ba ya koɗewa da sauri. Ya fi tsada amma wanga abu ba kullum ake saye ba.

MamanIkram:
Malam na Greensboro amma na saƙa in ruwa ya yi yawa ba ya ɗiga? Mu a ƙarƙashin rumfar nake girki, can muke shimfiɗa tabarma mu yi sallah, ni dai na fi son wanda ruwa ba ya ratsawa ko kaɗan. Kuma na leda in mai ya fantsama soso ɗaya ne ya fita.

Bamaradi_Greensboro:
Hajiya yana korar ruwa, sai dai in ya tsufa maganin da aka sa masa ya wanke, sai a sake fesa masa. Amma gaskiya in ana taɓa shi daga ciki lokacin ruwa yana iya tsattsafowa. Kowane da nasa. Girki dai a ɗan ja murhun waje, hayaƙin mai yana kama tamfol ko wane iri ne, kuma zafi na lalata leda.

Hajiya_Atlanta:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Tamu ba ta yage ba amma duk cikinta baƙaƙen ɗigo ne na fumfuna, in aka buɗe har wari take. Me ake wankewa da shi? Na ji an ce bilic yana cinye ta.

Alhaji_Minnesota:
Hajiya bilic tsagwaronsa ne ke ɓarna. A galan 5 na ruwa ki sa rubu'in kofi na sabulun wanke-wanke da rubu'in kofi na bilic. A buɗe rumfar a shafe ta sama da ƙasa, a naɗe ta a bar ta kamar minti biyar maganin ya ratsa ko'ina, a sake buɗewa a ɗauraye da ruwa mai yawa har jikin tirelar da ciyawar ƙasa. Kar a sa buroshi mai ƙarfi ko injin wankin nan mai feshi da ƙarfi. Sai babban abin: a bar ta ta bushe ƙaƙas kafin a naɗe. Fumfunar nan daga naɗe ta a jiƙe take zuwa, da ƙura da ganye da suka maƙale. In dole ta sa kun naɗe cikin ruwa, kuna isa gida rana ta fito a buɗe ta. Ku da ke Atlanta da Houston ku ne ma kuka fi buƙatar wannan saboda laimar wurinku.

Hajiya_Atlanta:
Allah ya biya Baba. Ranar Asabar za a yi in sha Allah.

Usman_Trucker:
Baban Hanifa kana da inshora a kan tirelar? In iska ce ta yi ɓarnar wasu suna biya.

BabanHanifa_TX:
Akwai, amma kuɗin da zan fara biya daga aljihuna kafin su sa hannu ya fi kuɗin tamfol ɗin. Ba riba.

Usman_Trucker:
Haka ne kuma in suka turo mai dubawa ya ga rana ce ta cinye saman zai ce tsufa ne ba haɗari ba. A bar su sai ranar babbar ɓarna, Allah ya kiyaye. Amma tunda ana maganar rumfa bari in faɗi abin da nake gani a hanya, ni kullum ina kan titi da babbar mota. Ba sau ɗaya ba na ga rumfa ta warware a jikin tirela ana cikin gudu, musamman yammacin Texas da Oklahoma da Wyoming inda iska ke bugowa ta gefe. Iska na shiga ƙarƙashin tamfol ɗin ta fi ƙarfin makullin, sai ka ga abu ya kumbura a gefen tirela yana kaɗawa, mai motar ma bai sani ba sai an yi masa hon. Wanda sifirin ɗinsa ya saki ko aka mayar da shi da murɗi kaɗan shi ya fi shiga wannan. Saboda haka in ka gama aikin ka tabbatar tana naɗewa da ƙarfi ta manne da bango, ka kulle ƙafafun, ka ƙara ɗaure su da maɗauri. Akwai ma ɗan makulli na daban da ake sayarwa mai shiga jikin bututun ya hana shi juyawa. Kuma da wannan tsagar da ke jikinta yanzu dan Allah kar ka hau babbar hanya, nan iska za ta fara kamawa.

Dan_Gusau_Dallas:
To ai ko don wannan sai ya liƙe kafin sabon ya iso. Bari in faɗi yadda ake yi don masu ƙaramin huji su amfana. A wanke wurin a bar shi ya bushe, a goge da sifirit, a yanka salatif ɗin ya wuce tsagar da inci ɗaya ko biyu ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyin da almakashi don kar su ɗago, wani ya tara katako ta baya kai kuma ka danna sosai kana korar iska, sannan a yi ɗaya gefen. Kuma a duba irin da za a saya, Tear-Aid misali iri biyu ne, Type B na leda, Type A na saƙa da sauransu. Leda tana fitar da wani maiƙo da ke narkar da gam ɗin da ba nata ba, shi ya sa salatif ɗin nan mai ruwan toka na gyaran komai yake zama kaca-kaca bayan wata ɗaya a rana.

Injiniya_Ohio:
Wannan bayanin ba gyara a ciki. A liƙe don a isa gida, na yarda. A liƙe don a zauna da shi shekara, a wannan wurin dai ban yarda ba.

DanZinder_Montreal:
Ni abin da zan ƙara na sanyi ne, ko da yake ku a Texas ba ruwanku. Mu nan in sanyi ya shiga leda tana sandarewa, in ka matsa mata sai ta tsage. Kar wanda ke arewa ya yi wannan aikin sai lokacin zafi. Ko a Houston ma ka zaɓi ranar da ba iska, ka shimfiɗa sabon tamfol ɗin a rana ya yi laushi alamar ninkin kwali ta saki kafin ka fara zurawa. Ka shimfiɗa wani abu a ƙasa, siminti na kankare shi.

Zongo_Bronx:
Masu lantarki fa? Ni in zan saya mai maɓalli nake so, ba ruwana da sifirin.

Alhaji_Minnesota:
Mai lantarki ta fi daɗi wurin buɗewa, amma tana da nata. Ɗan injin da ke cikin bututun da batirin tirela mai bolt 12 yake aiki, in batir ya yi sanyi ko fis ya ƙone ko injin ya mutu tana buɗe, to ba inda za ka sai ka san yadda ake naɗe ta da hannu. Wasu kamar Solera akwai ɗan murfin roba a kan ƙafa, in ka cire akwai noti da za ka juya da diril. Wasu kuma sai an kwance. Ka koyi na taka tun ranar da ka saya, ba ranar da hadari ya haɗo ba. Kuma kar ka ɗauka duk mai lantarki ba ta da abin tsoro, wasu akwai sifirin a ɗaya ƙarshen, ƙafafun kuma suna da abin turawa mai gas da ke iya wancakalar da su waje in ba a ɗaure ba. Masu fitila kuma wayar wani lokaci ta cikin kalmasar tamfol ɗin take bi, sai an lura wurin zarewa.

Sani_MaiTamfol_Kano:
Wannan bututu mai naɗewa da kansa ya burge ni. Da za a samu a haɗa wa masu shago da masu sayar da kaya a mota a nan da sun huta da kafa sanduna kullum. Injiniya in ka samu hoton cikinsa dan Allah turo min in nuna wa mai walda na kusa da ni.

Injiniya_Ohio:
Zan turo maka Malam Sani. Baban Hanifa mu koma kan aikinka, ga abubuwan da ke ba mutane wahala waɗanda ba a cika faɗa ba. A layin bango akwai ƙananan sukurori biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, su suka soke tamfol ɗin don kar ya zame, sai ka cire su tukuna in ba haka ba za ku yi ta ja ba ya motsi. Murfin ƙarshen bututun da ƙusar ribit aka kama shi, sai ka huje kawunansu da diril, saboda haka ka tanadi sababbi da abin matsa su tun kafin ka fara. Kafin ka cire murfin ka ja layi da maka daga murfin zuwa bututun don ya koma yadda yake, ka kuma yi alama a tsagin da kowace igiya ta fito, domin tsagin ya fi ɗaya kuma in ka sauya tsagin, makullin ba zai tsaya inda sanda ke kai masa ba. Bakin layin bangon kuma yana da kaifi, nan ne sabon tamfol ke yagewa tun ba a fara amfani da shi ba. Ka ɗan buɗa bakin da sukundireba, ka goge kaifin, ka naɗe shi da salatif, ka wanke cikin layin ka fesa silikon mai santsi. Mutum ɗaya a kan tsani yana saita igiyar a baki, biyu suna tafiya da ƙafafun a hankali. In ya cije kar a ja da ƙarfi, a koma baya a sake. Da kun gama kar ka yi saurin mayar da sukurorin nan biyu, ka buɗe ka naɗe sau da dama tamfol ɗin ya nemi tsakiyarsa da kansa, in ya daidaita sannan ka ɗaure.

Alhaji_Minnesota:
Kuma tunda layin zai zama tsirara, ka duba shi da kyau. Iskar da ta iya yaga tamfol ta ja layin nan ma. Ka bi sukurorinsa ɗaya bayan ɗaya, in ka ga wanda ya yi tsatsa ko yana juyawa ba ya kamawa, ruwa ya fara shiga bango ke nan. Ka danna bangon ƙasan layin da tafin hannu, ka shiga ciki ka buɗe kabad ɗin sama ka shinshina. Bangon tirela falle ne siriri aka manna da gam, in ruwa ya shiga katakon ciki sai ka ga waje ya kumbura, gyaran wannan kuwa ya ninka kuɗin rumfa sau da yawa. In da shakka a cire layin a kankare tsohon danƙon a sa sabon danƙo irin wanda ake kira butil a bayansa, a bi saman da abin toshewa na tirela wanda ba ya zuba. Kar a sa silikon na banɗaki, in ya saki ba abin da ke sake kamawa a wurin. Sama ma inda ƙafafun suka kama bango a duba, nan ne duk nauyin yake.

BabanHanifa_TX:
Baba na duba, sukuru biyu na ɓangaren da ya yage sun ɗan ɗago, akwai tsatsa a kan ɗaya. Ciki dai ban ji laima ba, bangon ma da ƙarfinsa. Wannan ɗin ya fi tayar min da hankali fiye da tamfol ɗin gaskiya. In cire layin duka ko in canza biyun kawai?

Alhaji_Minnesota:
Ni da tawa ce cire shi zan yi duka tunda an riga an sauke rumfar.

Injiniya_Ohio:
Ni kuma a nan na ɗan saɓa da Alhaji. In sauran suna kame kuma danƙon bayan bai bushe ba, cire layi mai ƙafa 16 a mayar da shi a miƙe wani aikin ne, kuma alminiyon ɗin na lanƙwashewa da sauƙi. Ka zare biyun ka duba zarensu, in tsatsar a kai kawai take ka sa masu ɗan kauri waɗanda ba sa tsatsa da abin toshewa a hujin. In ka zaro ka ga baƙin katako ya biyo su, to maganar Alhaji ce.

MamanIkram:
In an saka sabuwar dan Allah a riƙa sauke gefe ɗaya ƙasa kaɗan in ana ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ya taru a tsakiya kafin ka farga bututun ya lanƙwashe. Da dare kuma a naɗe kawai a kwanta da kwanciyar hankali.

Bamaradi_Greensboro:
Hakanan ne Hajiya. Kuma ka nemi wanda samansa ke da ƙarin kariya ta rana, wasu leda ce mai kauri aka ƙara, wasu faranti ne na alminiyon da ke rufe tamfol ɗin in an naɗe. Ko in tirelar za ta daɗe a ajiye ka rufe naɗin da wani abu. In ba haka ba ranar Texas za ta sake cin wurin nan dai. Har yanzu dai ina kan na saƙa.

Dan_Gusau_Dallas:
Baban Hanifa in ka sa rana ka faɗa min, Dallas zuwa Houston awa huɗu ne, ina da tsani dogo da abin matsa ribit. Zan taho da ragowar salatif ɗina a fara liƙe ta ko don a samu a kai tirelar inda za a yi aikin.

Zongo_Bronx:
Dan Allah ku ɗauki bidiyo wurin warware sifirin ɗin ku sa mana a nan. Wani ya gaya min wai akwai hanyar da ake zare tamfol ba tare da an taɓa sifirin ba sam, in murfin yana da ɗan tsagi da ya yi saiti da na bututun. Injiniya gaskiya ne?